A Raba Haya, A Bar Gini A Tsaye

Duk wanda ke zaga unguwannin Kano ko Kaduna ya san irin ginin nan: bene hawa ɗaya, shaguna a ƙasa, an rubuta da jan fenti a katanga cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Kwanon rufi ya ɗaga a kusurwa ɗaya, indararo ya karye, ruwan damina ya zana baƙin layi tun daga sama har ƙasa, shago uku a rufe da kwaɗo mai tsatsa. Tambayi mai shayin da ke gefe, amsar kusan kullum ɗaya ce: mai shi ya rasu, magada ba su daidaita ba. 'Yan hayar da suka rage sun daina biya, don mutum uku ne ke zuwa karɓar kuɗi, kowa da rasit ɗinsa.

Ra'ayina shi ne, gidan haya, rukunin shaguna, sito da makamantansu, wato kadarar da aka gina don ta kawo kuɗi, bai kamata ta zauna da sunan mutum ɗaya ba muddin yana da magada da yawa ko ƙananan yara. Gara a sa ta a amana, wato a miƙa ta hannun amintacce ya riƙe ta don amfanin iyali, tun yana da rai da lafiya. Amma da sharaɗi: amanar ta zama hanyar kula da dukiya, kada ta zama dabarar zagaye rabon gado. Kuma ba kowa ne ke buƙatarta ba.

Ga lissafi, don a ga inda gizo ke saƙa. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, kuma babbar dukiyarsa rukunin shaguna 12 ne a kan fili ɗaya mai takarda ɗaya. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, uwar tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Asalin lissafin 24 ne, in aka gyara shi don kowa ya samu cikakken kaso sai ya koma 168: mata 21, uwa 28, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17. To yanzu a raba shago 12 gida 168. Rabon kowace 'ya shago ɗaya ne da ɗan ɗoriya, kuma shagon da ke kallon titi ba ɗaya yake da na lungu kusa da bayan gida ba. Matakala ta wa ce? Rijiyar burtsatse fa, da mita, da wurin ajiye mota? Kuma sashe na 24 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana a yayyanka haƙƙin mallakar fili da gwamna ya bayar bayan mutuwar mai shi sai da sahalewar gwamna. Shi ya sa alƙali, in ya ga abin ba ya rabuwa, yakan ce a yi kiyasi a sayar a raba kuɗi. Hukuncin daidai ne. Sai dai sayarwar gado sayarwar gaggawa ce, dillalai sun san da haka, kuma kuɗin da aka miƙa wa matashi ɗan shekara 22 ko bazawara mai 'yan uwa mabuƙata ba ya cika ganin damina biyu.

Yanzu a bar ginin yadda yake, a raba abin da yake haifarwa. In kowane shago yana kawo naira 800,000 a shekara, jimla miliyan 9.6 ke nan. A cire miliyan 1.2 na gyara, kuɗin ƙasa da ladan mai kula, saura miliyan 8.4. A raba gida 168, kowane kaso naira 50,000 cif. Matar ta ɗauki 1,050,000, uwar 1,400,000, kowane ɗa 1,700,000, kowace 'ya 850,000. Bana haka, baɗi haka, kuma in haya ta tashi rabon kowa ya tashi. Gini ba ya rabuwa gida 168, kuɗi kuwa yana rabuwa har zuwa kwabo. Duk hujjar amana a nan take.

Abin da ake nufi da amana a dokar da muka gada daga Ingila ba shi da wuyar fahimta. Mai dukiya ya cire sunansa daga takarda, ya sa sunan amintacce. Amintaccen shi ne mai ita a idon ofishin filaye da kotu, shi ke sa hannu a yarjejeniyar haya, shi ke kai ƙarar ɗan hayan da ya ƙi biya. Amma amfanin ba nasa ba ne, na waɗanda aka ambata a takardar amana ne, kuma suna da ikon maka shi a kotu in ya ci ko ya yi sakaci. Da yake maganar ƙasa ce, dole ta kasance a rubuce. Dole kuma abu uku su fito fili: cewa amana ake nufi, wace kadara ce takamaimai, kuma su wa za su ci moriya. In ɗaya ya yi duhu, kotu na iya cewa babu amana, dukiya ta koma inda ta fito.

Mu ba baƙi ba ne a wannan tunani. Sayyidina Umar ya samu gona a Haibara, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka nuna masa ya tsare asalin ya sadakar da amfanin. Ya yi hakan bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, kuma mai kula da ita zai iya ci daga ciki gwargwadon abin da aka saba. Wannan shi ne wakafi, ko hubusi a bakin malamanmu na Malikiyya, sunan da har hukumar Kano mai kula da zakka take ɗauke da shi. Abin takaici, a wajenmu hubusi ya tsaya kan masallaci, maƙabarta da rijiya. Hubusin iyali, wanda aka tsayar wa 'ya'ya da jikoki, ba mu cika waiwayarsa ba, alhali babinsa na nan a fiƙihun da ake karantarwa a zaure.

Wani abu da ya kamata a kawar tun da wuri: yawancin abin da ake karantawa a intanet kan amfanin amana daga Amurka da Birtaniya yake, kuma dalilansu ba namu ba ne. Ba'amurke yakan kafa amanar da zai iya warwarewa ne don iyalinsa su kauce wa doguwar hanyar kotun tabbatar da wasiyya. A Birtaniya harajin gado kashi 40 cikin ɗari ne a kan abin da ya haura fam 325,000, don haka mutane ke ta dabara, ita kuma gwamnati ta bi amanar da nata harajin, na ranar sa dukiya a ciki da na kowace shekara goma. Najeriya ba ta karɓar irin wannan harajin gado. Wanda ya ce maka ka kafa amana don ka tsere wa haraji, to tallar hajarsa yake. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, ko a hannunka ko a hannun amintacce, kuma hukumar haraji za ta nemi nata. Matsalarmu ta daban ce: yawan magada, marayu ƙanana, 'yan ubanci, da ginin da ba ya yankuwa.

Akwai kuma wata gurguwar amana da muka daɗe muna yi ba tare da mun kira ta da sunanta ba. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa ya sayi fili ya sa sunan ƙanensa, ko direbansa, ko uwargida, don kada a san nasa ne. Babu rubutu, babu shaida, sai dai "ai ya san nawa ne". Ranar da ɗayansu ya faɗi, magadan wanda sunansa ke takarda su ce na ubansu ne, kuma takarda na bayansu. In baƙo ne aka sa sunansa, kotu na iya yarda cewa riƙo yake yi, matuƙar an kawo hujjar wanda ya biya kuɗin. In kuwa mata ce ko ɗa, dokar Ingila da manyan kotunanmu ke bi tana fara ɗauka ne cewa kyauta aka yi musu, sai wanda ke musu ya kawo hujja. Ga shi kuma wanda ya san gaskiyar magana yana kabari.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin haɗa wannan tsari da shari'a, kuma a nan zan daɗe. Amana iri uku ce a aikace, kowace da hukuncinta, kuma lauyan da ya kwafo takarda daga Legas ba lallai ya bambance maka su ba.

Ta farko ita ce wadda mai dukiya ya miƙa suna amma ya riƙe ikon warwarewa, yana kuma ci gaba da cin haya. A haƙiƙa wannan dukiyarsa ce har gobe, wakili kawai ya naɗa. Ranar da ya rasu ta zama abin gado, kowane magaji na da haƙƙinsa a cikinta daidai da fara'il, wato ƙa'idar rabon gado, ko takardar ta faɗi haka ko ba ta faɗa ba. Amfaninta shi ne ba a samun giɓi: haya na ci gaba da shiga asusu ɗaya, akwai mai gyara rufi, akwai mai lissafi, tun daga ranar jana'iza har a gama rabo. Amma ba za ta tilasta wa baligin magaji ya bar rabonsa a ciki ba. In ya ce a ba shi nasa, haƙƙinsa ne. Don haka takarda mai kyau takan tanadi ƙofar fita: ƙwararren mai kiyasi ya kimanta ginin, a fitar da darajar kason mai son fita, a fara tayin ga sauran magada, a ba su wa'adi, misali wata shida, su biya ko da kashi-kashi daga haya. Wannan ya yi daidai da haƙƙin shufu'a, wato fifiko wajen saye, da shari'a ta ba abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba. Irin wannan amanar ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin mutane, domin ba ta taɓa rabon kowa, ginin kawai take karewa.

Ta biyu ita ce wadda aka fitar da dukiya kwata-kwata tun da rai, babu komowa. Wannan kyauta ce ko hubusi, kuma ta fita daga gado. A Malikiyya ba ta tabbata sai da hauzi, wato a karɓe ta daga hannun mai bayarwa kafin ya mutu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Alhajin da ya sa hannu a takarda amma ya ci gaba da aika yaronsa karɓo haya yana sakawa a aljihu, bai yi hauzi ba, kuma magada na iya rushe abin bayan ransa. An yi sassauci ga uba ya riƙe wa 'ya'yansa ƙanana, amma sai ya kafa shaidu, ya riƙa kashe amfanin a kansu, kuma kada ya zama gidan da yake zaune a ciki. Mutum ba ya yi wa kansa hubusi a wannan mazhaba. Wanda kuma ya tsayar wa 'ya'yansa maza ya ware mata, malaman mazhabar daga mai cewa ya ɓaci sai mai cewa makaruhi ne. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne, inda Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kyautar da aka yi wa ɗa ɗaya aka bar sauran. Wanda ke neman amana don ya hana 'ya'yan kishiya, ko don kada surukai su ci ta hannun 'ya'ya mata, ya sani rigimar da yake gudu ita yake shukawa.

Ta uku ita ce wadda aka rubuta a wasiyya, ta fara aiki bayan mutuwa. Iyakarta sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran sun yarda. Ta dace da jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, da yaran riƙo, da makaranta ko asibiti. Ba ta dace da ɗaure dukan dukiya ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Hubusin iyali na har abada ya taɓa zama annoba a wasu ƙasashe. Bayan zuriya huɗu ko biyar masu cin moriya sun kai ɗaruruwa, rabon kowa bai kai kuɗin motar zuwa karɓarsa ba, babu wanda ya damu da gyara, naziri, wato mai kula da hubusin, kaɗai ke ƙiba. Siriya ta soke shi a 1949, Masar a 1952, Tunisiya a 1957. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne a sa wa'adi. Malikiyya sun halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, ita ma dokar Ingila tana da ƙa'idar da ta hana ɗaure dukiyar iyali har illa masha Allahu, ma'auninta na asali shi ne tsawon ran wanda ke raye lokacin kafawa da ƙarin shekara 21. A aikace ba sai an kai nan ba. Ya isa a ce amanar za ta ƙare idan auta ya kai shekara 25, sannan masu haƙƙi su zauna su zaɓa: a ci gaba, a sayar, ko wani ya saye na wani.

Sai tsada. Sauya suna a takardar fili ba sa hannu ba ne kawai a ofishin lauya. Sashe na 22 na dokar 1978 ya wajabta sahalewar gwamna kafin a miƙa haƙƙin mallaka, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da nauyin wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. A Abuja ministan birnin ne ke sahalewa. Akwai kuɗin sahalewa, kuɗin hatimi da na rajista, ana lissafa su ne bisa darajar kadara kuma sun bambanta daga jiha zuwa jiha, ga bashin kuɗin ƙasa na shekarun baya da za a ce sai an biya kafin fayil ya motsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta takardar amana mai shafi 30, a ajiye a durowa, takardar shaidar mallaka kuwa tana nan da sunan Alhaji. Wannan buhu ne babu hatsi. Mai gida ɗaya mai ɗaki huɗu da 'ya'ya biyu manya masu jituwa, kuɗin da zai kashe ya fi amfanin da zai samu, ya bar abinsa. Haka ɗan kasuwar da ke jingina takardar gininsa a banki duk shekara don ya yi odar kaya: ranar da ta koma sunan amintacce, wannan ƙofa ta ƙuntata. Wanda kuma bashi ya riga ya yi masa katutu, ya ruga ya kafa amana don masu bin sa su rasa abin kamawa, kotu na da ikon warware ta.

Hanya mafi araha ita ce a yi tunanin tun ranar saye. In za ka sayi sabuwar kadara, a rubuta cinikin kai tsaye da sunan amintacce, sahalewa ɗaya, hatimi ɗaya, maimakon biyu. Wannan ya fi muhimmanci ga mai son saya wa yaro, domin sashe na 7 na dokar ya hana a ba wanda bai kai shekara 21 ba haƙƙin mallaka sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa. In kuwa tsohuwar kadara ce, a fara da bincike a ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a tabbatar babu jingina ko ƙara a kanta. Da yawa daga gine-ginenmu takardar mai unguwa ce kawai da su, to wannan sai an fara daidaita mallakar kafin a yi zancen miƙa ta. Bayan lauya ya tsara, a kai wa malamin da ya san fara'il ya karanta sharaɗi bayan sharaɗi. Bayan rajista a buɗe asusun banki na amanar kaɗai, a rubuta wa kowane ɗan haya wasiƙa cewa daga wata kaza nan zai riƙa biya, a sabunta yarjejeniyoyin haya da sunan amintacce. Wannan matakin na ƙarshe shi ne hauzin da ake iya nunawa a gaban alƙali.

Kada a rikita wannan da rajistar kwamitin amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Waccan, a dokar kamfanoni ta 2020, an yi ta ne don ƙungiyoyin addini, ilimi, jin ƙai da ire-irensu, kuma ba a raba kuɗinta ga mambobi. Ta dace da hubusin masallaci ko gidan marayu, ba ta dace da shagunan da 'ya'yanka za su ci ba. Wanda ke son hanyar CAC, kamfani mai hannun jari zai buɗe, ya sa ginin a ciki, hannun jarin ne za a gada. Shi ma yana hana yanka gini, don hannun jari 168,000 na rabuwa yadda kuɗi ke rabuwa. Illarsa ita ce mai rinjaye ke juya akala, ga rahoton shekara-shekara da harajin kamfani, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin kare maraya. Manyan iyalai kan haɗa biyun: kamfani ya riƙe gini, amintacce ya riƙe kason yara.

Saura babbar tambaya, wa za a ba. Al'adarmu ta miƙa wa babban wa ko baffa, kuma daga nan mafi yawan koke ke fitowa. Sau da yawa ba mugunta ba ce: ya haɗa kuɗin haya da na kasuwarsa da niyyar zai mayar, kasuwa ta juya, kunya ta hana kowa tambaya, sai shekara bakwai ta wuce. Akwai kamfanonin amana masu rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wasu ma suna da tsarin da aka gina kan shari'a. Ba sa mutuwa, ba sa 'yan ubanci, suna ajiye lissafi, amma suna cajin kuɗi duk shekara, kuma ba su san wace 'ya ce mijinta ke ƙwace mata rabo ba. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a haɗa: kamfani ko lauya ya riƙe takarda da asusu, mutum biyu daga dangi, ɗaya daga kowane ɗaki in gidan mata biyu ne, su zama masu sa ido da ikon neman a sauya amintacce.

Takardar kuma ta yi magana da lambobi. Kashi nawa na haya za a ware don gyara kafin a raba, 10 ne ko 15 cikin ɗari. A wane wata ake rabo. Kashe kuɗi daga nawa ne ke buƙatar hannu biyu. Wa zai gaji amintacce in ya mutu, ya yi hijira ko ya gaza. Ta hana shi ba wa kansa ko ɗansa hayar shago sai da yardar masu sa ido kuma a farashin kasuwa. Ta ambaci 'ya'yan da za a haifa nan gaba, don mutumin da ya jera sunaye biyar yana da shekara 50 na iya ƙara aure yana da 58. Ta faɗi makomar kuɗin diyya in gwamnati ta karɓe filin don faɗaɗa titi, ko kuɗin takaful, wato inshorar Musulunci, in gobara ta ci ginin: a sayi wata kadara ne ko a raba. Rabon mace ya tafi asusunta kai tsaye, ba ta hannun wa ko miji ba. Na yaro kuma a biya makaranta da asibiti da rasit, ragowar a ajiye masa da sunansa, kuma kowace shekara a aika wa mahaifiyarsa kwafin bayanan banki, ko ta nema ko ba ta nema ba.